Gishirin Kawu

Ni ce mai kwashe kwanuka a gidan abincinmu, don haka ni na fara ganewa. Tun da Kawu ya dawo daga asibiti, farantai ke komowa kicin da rabin shinkafarsu, an ture miyar gefe guda. Mutum zai yi mini murmushi ya ce ya ƙoshi, gobe in hango shi yana shiga shagon da ke tsallaken titi.

Kawu yayan mahaifiyar mijina ne. Shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya koya masa riƙe wuƙa. Da mijina ya buɗe ɗan wurin nan namu, Kawu ya bar aikinsa a wani babban otal ya zo ya tsaya masa a gaban murhu. Wallahi saboda hannunsa ake cika mana kujeru. Sai wani mugun zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, ya koma bakin aiki, amma miyarsa ta zama gishiri zalla, har leɓe take tsatstsagawa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wasan da ake yi kullum kafin a fara zuba abinci. Kawu zai ɗebo miya a ludayi ya miƙa wa mijina. A da ba ya haka, a da ko murfin tukunyarsa ba ka isa ka taɓa ba. Mijina zai kurɓa, ina ganin maƙogwaronsa na kokawa da ita, sai ya ce, "Ta yi, Kawu." Da tsohon ya zaga bayi, sai mijina ya ruga ya tuttula ruwa, ya jefa dankali ko zai tsotse gishirin. Miya ta koma tsululu, ga gishirin nan daram.

"Baban yara, ka faɗa masa mana," na ce da shi a ɗakin ajiya, muna jan buhun albasa.

"Da wane bakin? Mutumin da ya goya ni a bayansa?"

"To in aka rufe wurin nan, kunyar za ka dafa wa 'ya'yanka?"

Ya sha mur ya fice. Haka yake, mutumin kirki ne, amma in kunya ta kama shi har takaici yake ba ni.

Ma'aikatan asibitin unguwa suka ɗauke ƙafa. Teloli suka bi bayansu. Naman da muke saye ya riƙa kwana a firji har ya canza launi mu zubar. Wanda ya rage mana mai zuwa kullum shi ne wani direban tasi, mai zama kusa da taga. Ran nan da rana tsaka ya kai cokali ɗaya baki, ya ajiye, ya shanye ruwan kofinsa tas.

"Uwar gida, kar ki ji haushina," ya ce. "A tasha har tsokanata ake yi, wai ni kaɗai na rage mai cin gishirin tsoho. Ga likita ya ce jinina ya hau."

Ai ban san sanda na suri farantin ba. Na shiga kicin a fusace, na tarar Kawu ya miƙa ludayin sabuwar tukunya, mijina ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba. Na dangwarar da farantin a tsakaninsu.

"Ba ta yi ba, Kawu! Gishiri ne, gishiri! Har a tasha da mu ake dariya."

Kawu bai ko dube ni ba, ɗan ƙanwarsa yake kallo.

"Tun yaushe?"

Mijina ya sunkuyar da kai. "Tun da ka dawo."

Kawu ya ajiye ludayin a hankali. "Ni tun da na tashi daga ciwon nan, da zuma da toka duk ɗaya ne a bakina. Shi ya sa nake miƙo maka. In ka ce ta yi, sai in gode wa Allah, gobe in sake zuba daidai haka." Ya ɗaga hannunsa. "Hannun nan lafiyarsa ƙalau, ɗana. Da ka ce ya yi yawa, ragewa kawai zan yi."

Tausayinsa ya kama ni.

Ya kwance rigar girkinsa, ya rataye ta a ƙusa, ya bi ta ƙofar baya inda muke tara shara. Mijina ya bi shi yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa ya yafe masa, a sake gwadawa daga yau.

"Sunan da na yi shekaru ina ginawa ya riga ya zama abin dariya a tasha," in ji Kawu. Bai waiwayo ba. "Koma ciki, mutane na jiran abinci."

Na leƙa ɗakin cin abincin. Direban ma ya tafi, babu kowa.