Makirufon Inna Gulchehra

Kwamfutar Inna Gulchehra ta kwana biyu a shagonmu na kasuwar Khujand. Kwamfutar ta tsufa, ta gaji, sai na sa mata tsarin sarrafa kwamfuta ɗin nan na kyauta wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Ta farfaɗo, komai na tafiya, ban da makirufo. In ɗanta Daler ya kira daga Rasha inda yake aikin gini, tana jinsa, shi ba ya jinta.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Ɗan abin da na iya, a hannun Kawu Shodmon mai shagon na koya. Amma na ji akwai dandalin da ake kai wa masu tsarin rahoton matsala. Na rubuta da taimakon manhajar fassara, na fara da gaisuwa, na tambayi iyalansu. Wani Osvaldo ya amsa. Bai gaishe ni ba, gyara kawai ya turo, ya ce in gwada. In ya yi, zai sa shi a sabon tsarin da za su fitar, ya rufe maganar.

Na gwada, bai yi ba. Na kashe na kunna, na yi ta sallama a gaban kwamfuta har mai gurasa na kusa da mu ya leƙo ya amsa.

Kawu ya ce in rubuta na gode, shi ke nan. A wurinmu wanda ya dafa maka shinkafa, ko gishiri ya yi yawa, cewa kake ta yi daɗi.

"Bawan Allah ya bar aikinsa ya yi maka kyauta, ka ce masa bai iya ba? Wa ya rene ka?"

"Kai ne, Kawu."

"To kada ka faɗa wa kowa."

Na rubuta godiyar, na kasa turawa. Na zuba shayi na bar shi ya huce. Na fita har bakin kogi na dawo, na share teburin da na riga na share. In na ce ya yi, an rufe maganar, ba mai sake waiwayar irin wannan tsohuwar kwamfuta. In na ce bai yi ba, na ci fuskar mutumin da ko saninsa ban yi ba.

Ina cikin haka Inna ta shigo da ƙullin busasshen inabi. Ba ta tambayi kwamfutar ba. Cewa kawai ta yi ran Juma'a Daler ke hutu, ta ga ya rame, kuma akwai maganar da ba ta rubutuwa.

Da ta tafi na goge godiyar. Na ba Osvaldo haƙuri, na ce wataƙila laifin hannuna ne, sannan can ƙasa na faɗa masa gyaran bai yi ba.

Amsarsa gajeriya ce: "Madalla. Turo min abin da kwamfutar ta rubuta lokacin gwajin."

Kawu ya ce ka gani, ya yi fushi, ko sunanka bai kira ba. Na tura. Gyara na biyu ma bai yi ba, na faɗa masa, haƙurin wannan karon layi ɗaya. A na uku na ji muryata ta dawo min daga kwamfutar, tana ɗan rawa.

Ran Juma'a a shagonmu Inna ta kira Daler, don ba ta yarda da mu ba. Ta matso da bakinta kusa da makirufon ta ɗaga murya.

"Inna, a hankali," in ji Daler. "Duk ɗakin nan suna jinki."

Ta ce su ji, ta shiga yi masa faɗan rashin cin abinci. Muka ba ta wuri.

Osvaldo ya tambaya ko akwai wasu tsofaffin kwamfutoci a kusa da zan riƙa gwada masa. Kantarmu cike take da su har rufi. Kawu ya ce sai dai in fara kakkaɓe su tukuna, kada baƙo ya ga ƙura.