Shingen Dakta Fredrick

A shekarun da ƙarar bam ta hana mutanen Gombe sakewa, mazauna wani layi a unguwar Herwagana suka zauna taro kan tsaro. Mama Margaret, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ta je ne da damuwa guda: ruwa. Famfonsu ya shekara bai ɗiga ba, kuma duk layin a rijiyar burtsatsen Hajiya Suwaibatu suke ɗiba, a layin baya, ta wani lungu da ya haɗa su.

Lungun nan Dakta Fredrick ya ce a toshe. Malamin jami'a ne mai koyar da hulɗar ƙasashe, ya shigo unguwar haya bai fi wata takwas ba, ko sunan mai shagon bakin layi bai sani ba. Ya miƙe ya gyara tabarau, ya ce akwai ilimin da ake kira riyalizim, wanda ya nuna cewa a duniya babu ɗan sandan da ke saman ƙasashe, don haka kowa ta kansa yake yi. Ya ce wasu malaman sun ɗora laifin a kan halin ɗan Adam, wasu a kan tsarin duniyar. Wasu sun ce ka tara ƙarfi daidai kare kanka, wasu kuma sun ce kada ka tsaya sai ka fi kowa. Shi yana tare da na ƙarshen.

Mama Margaret ta dube shi kamar yadda take duban ɗalibin da ya haddace darasi bai fahimta ba. Ta ce ko za a toshe, ai sai an je an gaida Hajiya an sanar da ita, don ba a sa ko tubali a kan iyaka maƙwabci bai sani ba.

"Mama, sanarwa nuna rauni ne," in ji shi. "Ƙasa ba ta neman izini."

"Ɗana, layi ne, gida goma sha huɗu."

Aka yi dariya, amma tsoro ya fi dariyar ƙarfi. Washegari aka jera duro shida cike da siminti a bakin lungun, aka bar 'yar hanyar da mutum ɗaya zai bi.

Mutanen layin baya suka wayi gari suka ga shinge ba sallama. Suka ɗauka su ake zargi da ɓoye 'yan bindiga. Kafin mako ya zagayo sun ja katangar bulo a nasu ɓangaren, ba su bar ko kafa ba. Dakta ya yi murna, wai abin da littafi ya faɗa ke nan. Mama Margaret kuwa kwana uku tana wanke kwanuka da ruwan leda.

A rana ta huɗu ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta zagaya ta babban titi, ta wuce shingen sojoji, ta yi sallama a gidan Hajiya Suwaibatu. Hajiya ta amsa a daƙile. Mama Margaret ba ta ambaci ruwa ba. Ta zauna a tabarma ta ce ta zo ba da haƙuri ne, an yi musu rashin kunya.

Hajiya ta kira ta da sunan ɗanta, ta ce, "Maman Jesse, ni da na yi miki wankan jego? Ko yaro ba za ki aiko ba?"

"Laifina ne, Hajiya. Na bari mai digiri ya fi ni baki."

Katangar ba ta faɗi ba, don mazan layin baya sun rantse ba za su rushe ba. Amma da la'asar magini ya huda bulo ɗaya daga ƙasa, aka zuro tiyo. Mata suka jera jarkoki.

Dakta ya fito da bokiti biyu, yana bayani cewa wannan ma bai saɓa wa iliminsa ba, tabbas Hajiya tana da wata riba da take hange.

"Wace riba?" Mama Margaret ta tambaya, tiyon na hannunta.

Ya ce sai an yi bincike.

Ta nuna masa ƙarshen layin jarkokin, ta juya ta ci gaba da cika jarkarta.