Kafaɗar da Ba Ta Kai Ba

Sandar awo ta sauka a kafaɗar Anselmo, sanyinta ya ratsa rigarsa. Don Remigio, shugaban masu ɗaukar gadon Ubangiji, ya ɗage tabarau ya duba zanen da ke jikin sandar, ya sake dubawa, sannan ya yi wani ɗan tari da ba na mura ba.

"Miƙe sosai mana, kompadre. Ko ajiya ka yi a ƙasa kake nema?"

"Iyakar miƙewata ke nan," in ji Anselmo.

Mazan da ke layi a farfajiyar coci suka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce a ba shi kwalba ya ɗauka, ita ce daidai shi. Anselmo bai ko waiwaya ba.

A nan tsaunukanmu na Guatemala ba a wasa da awon nan. Gadon katakon da ake ɗora siffar Yesu da gicciyensa ranar Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye shi, maza ke zagaya gari da shi a kafaɗa, rukuni bayan rukuni, kuma dole tsayin kowane rukuni ya zo ɗaya. In ka fi abokan layinka tsawo, kai ne za ka ji jiki. In ka gaza su, ka zama ɗan rakiya. Da can Anselmo kafinta a cikin dogaye yake. Sai giyar rake ta shigo, ta cinye shagon, ta cinye zarto da guduma, ta lanƙwasa shi kamar tsohuwar ƙusa, daga ƙarshe ta ari hannunsa ta kashe wa matarsa Ofelia kunnen hagu. Ranar da ya farka a cikin kwata ya tarar an kulle masa ƙofa, Fada, limamin cocin, ne ya kwashe shi ya ba shi ɗakin ajiyar kujerun coci. Tun daga nan bai ƙara kurɓa ba. Ya je biko ya fi a ƙirga, amma magana ɗaya Ofelia ta jefo masa ta taga:

"Ran da na ga ka ɗauko Ubangiji ka wuce ta ƙofar nan, ka zo mu yi magana."

Don Remigio, wanda shi ne uban baftismar 'yarsu da ta yi aure a birni, ya jingine sandar. Wannan zumuncin ne ya sa suke kiran juna kompadre.

"Rukunin dogaye, inda ka saba. Ku ne za ku bi ta layin gidanku."

Allah sarki, Anselmo! Ya fita yana ji kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa. Ashe dai bai rage tsawo ba.

*

Safiyar Juma'ar ta zo da farin gajimare a wuyan babban dutsen da ke kallon garin. Tituna duk sun ɓace. A wurinsu an shimfiɗa dardumai na garin katako da aka rina, ja da rawaya da shuɗi, kowane gida ya yi nasa a ƙofarsa, da tsuntsaye da furanni da inabi, aikin da kaza ma ba ta isa ta taka ba sai Ubangiji ya fara wucewa. Hayaƙin turare ya cika lunguna, har mutane suka zama kamar suna yawo cikin ruwa. Can nesa kakakin mawaƙa yana kuka a hankali.

Anselmo yana tsaye cikin doguwar riga shunayya da hularta mai saukowa kafaɗa. Gadon ya tunkaro yana lilo, dama, hagu, dama, hagu. Rana ɗaya ke nan a shekara da duk mazan kirki na garinmu ke tangaɗi a titi, mata kuma suna share hawaye.

Aka buga ƙararrawar canji. Rukunin da ya gaji ya zame, dogaye suka shige. Anselmo ya shiga gurbinsa, ya runtse ido, ya shirya wa nauyin da ya daɗe yana mafarki.

Shiru.

Ya buɗe ido. Katakon yana nan a sama da shi, tazarar yatsu biyu, yana tafiya abinsa. Ya ɗaga kafaɗa, bai kai ba. Ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa.

"Kai, sauke ƙafarka," wanda ke bayansa ya faɗa ta cikin haƙora. "Za ka ɓata mana taku."

Ya sauke. Yana jin nishin na gabansa, yana ganin gumi yana bin wuyansa, shi kuwa ko tsinke bai ɗauka ba. Kunya ta rufe shi har ya so ya fice, amma ba a fita daga ƙarƙashin gadon Ubangiji. Haka ya bi su, dama, hagu, cikin inuwar katako mai ƙanshin tsufa. Garin katako yana nutsewa a ƙarƙashin takalmansa, laushi, kamar ƙasar ba ta riƙe shi da komai ba. Can wani abu ya kwance a ƙirjinsa. Ya ji kamar shi ake ɗauke da shi, shi da kwatar, da kwalaben, da hannun nan nasa na dama. Hawaye suka zubo, bai san na mene ne ba.

Da suka karya kwana ya hango ta. Ofelia tana tsaye a bakin ƙofa da baƙin mayafi, ta juyo kunnen dama wajen kiɗan. A gabanta dardumarta ce, fararen kurciyoyi cikin shuɗi. Ƙafafunsu suka bi ta kai, kurciyoyin suka watse. Ba fuskarsa take kallo ba. Kafaɗarsa take kallo.

*

Bayan an mayar da gadon coci, ya sami Don Remigio a bayan ɗakin kujeru yana murza gwiwa.

"Kompadre, ka san ban kai ba."

"Ni na riƙe sandar, ba makaho ba."

"To don me ka yi mini haka?"

"Kai da hantarka ta zama soso? Da na sa ka cikin gajeru, da a kwanar farko mun kwashe ka, mu yi jana'iza biyu rana ɗaya, taka da ta Ubangiji." Tsohon ya miƙe da ƙyar. "Ba wanda ya lura. Je ka gida. Ka ɗan riƙa dafa kafaɗa, mata suna son ganin haka."

Da la'asar ya isa gidan. Layin ya yi tsit, launukan duk sun cakuɗe sun zama ruwan ƙasa. Ofelia tana share ƙofarta. Hannunsa har ya kama hanyar kafaɗa, sai ya mayar da shi.

"Ofelia."

Ba ta ji ba. Ya zagayo ta damanta.

"Ofelia, ban ɗauki komai ba. Kafaɗata ba ta kai ba."

"Na gani," in ji ta, ba ta daina shara ba. "Har hasken rana na hango tsakaninka da katakon."

"Ke nan maganar da kika yi…"

"Ai ba yau ka fara ba, Anselmo. Haka ka yi a gidan nan. Kana ƙarƙashi kana taku, wasu na ɗauka."

Ya sunkuyar da kai. Gaskiya ce, kuma ta yi zafi. Tsintsiyar ta yi ta kai da kawowa, sannan ta tsaya.

"Amma dai yau da bakinka ka faɗa. Da a da ne, sai ka rantse mini kafaɗarka ta kumbura." Ta gyara mayafi, muryarta ta yi ƙasa. "Akwai baƙin wake a wuta, da wainar masara. Shigo, kada ta huce."

Daɗi ya kama shi. Ya taka dokin ƙofa, sai ya tuna ba a shiga gida da hular zagayen Ubangiji. Ya ɗaga hannu da sauri zai cire.

Tsintsiyar ta faɗi. Ofelia ta duƙe a jikin bango, ta rufe kanta da hannu biyu, idonta a runtse, tana jira.

Ƙofa tana buɗe, ƙanshin wake yana fitowa. Anselmo ya tsaya da hannunsa a sama, ya rasa yadda zai sauke shi ba tare da ta sake firgita ba.