Amsar Bango

"Ya kama! Baban Nazifi, ya kama!" Irmiya ya ɗaga taɓarya ya buga wa bango, dum. Daga can ɗakin maƙwabcinsa Ndatsu sanda ta amsa, ƙwas, a raunane.

Haka suke yi tun Nazifi yana tsaron gida babu takalmi a filin makarantar unguwa. Ndatsu mutum ne mai taurin kai na ƙin ƙarawa. Ya rantse duk ranar da ya kalli wasan ɗansa, ko ya saurara, sai an zura wa yaron ƙwallo. Don haka ya bar wa Irmiya aikin: in Nazifi ya kama, a buga bango, shi kuma ya amsa da sanda. In an ci, kowa ya yi shiru.

Yau kuwa ba filin makaranta ba ne. Babban filin wasa ne na Kano, kuma yau ƙungiyar da ta ɗauki Nazifi daga Kontagora ta fara tayar da shi daga benci. Happiness, 'yar Irmiya, ta kamo masa rediyon Kano a waya kafin ta wuce kasuwa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Irmiya ya zagaya ɗakin Ndatsu. Ndatsu na kwance a tabarma, ciwon ƙirji ya cinye shi, sai idanu. Matarsa Mairama na yi masa fifita.

"Baban Happiness, ka yi masa magana," in ji ta. "Na ce a kira yaron nan, ya hana."

"A kira shi ya bar raga a buɗe?" Ndatsu ya ce, numfashi na sarƙe shi. "Irmiya, nawa-nawa?"

"Babu ci."

"To me kake yi a nan? Koma bakin aikinka. Ni dai in ji an tashi ba a ci shi ba."

Irmiya ya so ya zauna, wallahi ya so. Tsoro ya kama shi ganin yadda Ndatsu ke riƙe sandar da ƙyar. Amma wa ya taɓa kayar da Ndatsu a gardama? Ya koma.

Sau biyu ya buga, sau biyu aka amsa, ta biyun sai da ya manna kunne a bango. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba da fenariti a ragar Nazifi. "Kai, wannan alƙali bai da tsoron Allah!" Irmiya ya miƙe, ya rungume taɓarya yana addu'a da yarensa na Kambarci. Aka buga ƙwallon, sai filin ya ɓarke da ihu. Nazifi ya ture ta, an hura tashi.

Dum! Dum! Dum! Har ƙasa ta zubo daga bangon.

"Ba a ci shi ba, Baban Nazifi! An tashi!"

Ya jira. Ya sake bugawa, a hankali. Sai muryar Mairama ta ratso bangon, ƙasa-ƙasa, tana salati.

Irmiya ya zauna a kan turmi, taɓarya a cinyarsa. Wayar na ƙasa kusa da ƙafarsa, mutanen Kano suna ta kiran sunan Nazifi.