Brian Bai San Sunan Komai Ba

Shekara ashirin Bhaskar Rao yana gyaran fanka da injin wanki a Hyderabad ta ƙasar Indiya, babu kusar da bai san sunanta ba. Da shagonsa ya mutu, sai ya nemi aikin amsa wayar mutanen Ingila a wani kamfani. Suka raɗa masa suna Brian, suka ce saura jarrabawa ɗaya, in ya faɗi ya kama hanyar gida.

Madam Sulochana mai koyar da lafazi, sa'ar 'yarsa, ta ce Bature na gaske bai san sunan komai a gidansa ba, sai dai ya ce abin nan. Kuma nasu abin nan ɗin ba ƙarami ba ne: thingamajig. Gaɓa huɗu, a danne ta farko, a haɗiye na tsakiya. Tana buga rula a tebur, ƙarti talatin suna amsawa kamar 'yan aji ɗaya. Bhaskar kuwa sai ya ba kowace gaɓa haƙƙinta, har da gyaran ta biyar. Kunya ta ishe shi, amma ya dage, a bas, a banɗaki, a kan farantin idli, wainar shinkafarsu, har matarsa ta tambaya ko sabuwar addu'a ya koyo.

Ranar jarrabawa Madam ta kwaikwayi wata tsohuwa mai bugo waya daga Leeds ta Ingila, wai thingamajig ɗin bayan injin wankinta yana yoyo. Abin da ake so shi ne ya yi 'yar dariya, ya maimaita kalmar, ya ba ta haƙuri, ya tura ta wani sashe. Ina! Makanikin da ke cikinsa ya motsa. Ya faɗi sunan robar, da lambarta, da yadda za ta ɗaure ta da hannunta.

"Gyara kam ya yi, Bhaskar-garu," in ji Madam, ta liƙa masa garu na girmamawa. "Amma Brian ba zai san wannan ba."

Ta soke sunansa. Yana tattara jakarsa, zuciya na ƙuna, fankar ajin ta yi gurnani ta tsaya cak, ga zafin Mayu. Madam ta ɗaga kai, ta tambaye shi a marairaice me ya lalace.

Tun shekaranjiya ya gano matsalar da kunnensa. Ya dubi fankar, ya dube ta.

"Thingamajig ne, Madam."

Gaɓa huɗu cif, ta farko a danne. Ya ja musu ƙofa ya bar su cikin gumi.