Tankin Kurciya

Shekara goma sha ɗaya motar nan ba ta taka titi ba, amma gari bai taɓa wayewa ba ta yi wanka ba. Iya kam wani lokacin sai rana ta take kafin ta samu ruwan da za ta watsa wa jikinta, don bokitin farko na Kurciya ne. Sunan da mijinta ya sa wa motar ke nan, saboda launinta toka-toka. Shi kuma duk unguwa Ba-Gudu ake ce masa tun zamanin da yake tuƙi, don ko mai keke ya biyo shi a baya sai ya kauce ya ba shi hanya.

Shekara talatin ya yi yana tuƙa wani babban mutum a cikinta. Da mutumin ya rasu, 'ya'yansa suka raba gidaje da filaye, suka waiwayo suka ga tsohuwar mota da tsohon direba, suka haɗa su suka sallama. Mota ce irin ta da, mai dogon hanci da kujerun fata, ga bamba mai ƙyalli da za ka iya duba haƙoranka a ciki. Ya ɗan ja ta shekara biyu, gwiwa ta ƙi, ido ya fara yana. Sai ya shigar da ita rumfar kwanon da ke gefen ɗakinsu ya ce hutu take yi.

Wankan nan kuwa da tsarinsa. Rufi tukuna, sai gilasai, sai ƙofofi, sai taya huɗu da buroshi. Daga ƙarshe ya buɗe 'yar ƙofar nan ta gefe inda ake zuba mai, ya sheƙa mata moɗa guda cike, ya bi kewayen murfin da tsumma. Wai marigayi nan yake fara kai yatsa in yana neman kama direba da ƙazanta.

"Ni da na haifa maka biyar ba ka taɓa duba bayan kunnena ba," in ji Iya.

"Ke ai kina da hannu."

Ana nan sai aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidajen layinsu. Za a faɗaɗa titi, kowa ya kwashe nasa kafin Asabar ta sama. Autarsu ta ce su dawo ɗakin bayan gidanta. Mijin Auta mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ake yi ana kaɗa makulli a yatsa. Ya durƙusa ya gaishe su, ya kalli rumfar, ya ce:

"Baba, in tana tashi ta zo da ƙafarta, akwai wuri gefen tawa. In ba ta tashi, gaskiya ba zan ajiye gawa a tsakar gida ba. Ɓeraye ne za su tare, ga yara. Sai dai 'yan gwangwan."

"Wa ya ce maka ba ta tashi? Hutu take."

Ita Iya motar ba ta dame ta ba, ko a kai aka ɗauke ta. Tsohon take kallo. Mutumin da bokiti ne kaɗai ke tayar da shi daga gado, in aka raba shi da bokitin, me zai tashi ya yi a ɗakin bayan gidan suruki? Ta ga sa'o'insa da aka kwantar da su haka. Wata uku, huɗu, sai ka ji ana sallama ana gaisuwa.

Ran Litinin da safe ta je da kanta ta kira Sifana, bakaniken da ya rage a garin wanda ya san irin waɗannan motoci. Shi ma furfura ta gama da shi. Ya zo da batir a bayan babur, ya ɗaura, ya ce a murza makulli. Kurciya ta yi tari sau biyu kamar mai tsohuwar mura, ta yi shiru. Sifana ya zagaya baya, ya buɗe murfin tanki, ya kai hanci, ya ja da baya.

"Baba, yaushe rabonka da zuba mata mai?"

"Da mai a ciki. Rabin tanki na bari."

"Wannan ba mai ba ne, tsohon fenti ne. Iya, a ba ni daro."

Ta ba shi tsohon daron ƙarfen da take jiƙa wanki. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya kwance noti. Da farko ba abin da ya fito, sai da ya zura waya ya soka. Sannan abu ya ɓalle, ja-ja, kauri kamar ruwan kwata bayan an yi ruwan sama, da gudaji-gudajin tsatsa. Da ya kwanta a daron sai ya rabu biyu, ɗan mai ya taso sama, ƙasa duk ruwa.

"Ka gani ko," in ji Ba-Gudu. "'Yan gidan mai. Tun ina aiki nake faɗa, ruwa suke haɗawa. Ɓarayi."

Sifana ya ce uhm. Ya jira tsohon ya shiga ɗaki neman tabarau, sannan ya yafito Iya. Ya juya mata murfin tankin a tafin hannu. Robar da ke zagaye da shi ta bushe ta tsattsage, yana taɓawa tana zuba kamar gawayi.

"Iya, ba gidan man da zai sayar wa mutum ruwa haka. Ta nan yake shiga. Rumfar na yoyo ne?"

Iya ta kalli 'yar ƙofar, wurin na sheƙi, ko ƙura babu. Moɗa guda kowace safiya, shekara goma sha ɗaya.

"Tana yoyo," ta ce.

Sifana ya ɗaga kai ya dubi kwanon rumfar. Ko hudar allura babu. Ya dubi bokiti da moɗar da ke jingine da bango, ya sake dubanta.

"Na ce tana yoyo. Kai bakanike ne ko kafinta? Mayar da murfin inda ka gan shi. In ya tambaya, 'yan gidan mai ne."

"To, Iya. Dama ba su da hali."

Suka sauke tankin, abu kamar akwatin ƙarfe, ya yi baƙi. Sifana ya leƙa da tocila ya ce ciki ya zama kogo. Dabara ɗaya ce, a zuba noti da kusoshi da tsakuwa, a toshe baki, a yi ta girgizawa har tsatsar ta saki, a ɗauraye, a sake. Shi yana da wasu motocin a gareji, ba zai zauna yana yi wa tanki rawa ba. Ya juye musu gwangwani biyu na tsofaffin noti ya hau babur.

Haka tsofaffin nan biyu suka ɗora tanki kan tsohuwar taya, shi a wannan gefe ita a wancan, suna turawa suna jawowa. Ƙara kamar ana rushe gidan tun kafin ranar. Maƙwabta suna fitar da gadaje da katifu, su suna kaɗa tanki.

"Ja da ƙarfi mana."

"Da ƙarfin da ka bar min? Ka tura kai, ai kai ne direba."

In suka gaji su juye, jar ƙasa ta zubo tuli, su zuba kananzir su ɗauraye, su mayar da notin. Talata haka, Laraba haka. Kafaɗun Iya suka daina ɗaguwa, sai da ta nemi maƙwabciya ta ɗaura mata ɗankwali. Shi kuwa tsohon wani ƙarfi ya zo masa, har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Ran Laraba da yamma abin da ya fito ya fito fari. Ya ce, "Kin gani? Ta warke."

Alhamis Sifana ya dawo. Ya ɗaga tankin ya ce ya yi sauƙi, bai faɗe shi kamar abin murna ba. Ya fita da shi tsakar gida, ya juya gindinsa wajen rana, ya sa ido a bakin. Ya daɗe. Sannan ya ce Iya ta zo ta gani, don idonta ya fi na Baba.

Ta leƙa. Cikin duhun tankin haske ne ɗigo-ɗigo ko'ina, ya fi ƙarfin ƙirga. Rariya sak.

"Tsatsar ce ke riƙe da shi," in ji Sifana. "Mun cire ta, ba abin da ya rage."

"Wato kwana biyu muna kaɗa shi don mu ƙarasa shi."

"Da ba a kaɗa ba ma ba zai yi ba, Iya."

"To ai da ka faɗa, da na huta da kafaɗa."

Ba-Gudu ya ce a kai wa mai walda. Aka ɗaura a babur aka kai. Mai walda ya danna gindin da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya ce shi ƙarfe yake liƙewa, a kawo masa ƙarfe. Ya ce ko da ƙarfen ma, ba ya kai wuta kusa da tankin da ya sha fetur, yana da 'ya'ya. Sifana ya zaga wajen masu tsofaffin kayan mota har rana ta yi sanyi. Wani ya ce rabonsa da ganin irin tankin tun yana yaron shago. Wani ya tambaya ko ta gidan tarihi ce.

Juma'a Sifana ya zo da jarkar fetur da dogon tiyo. Ya ɗaure jarkar a kan rufin motar da igiya, ya zuro tiyon ta gefen bonet har kafireto, wurin da mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Ya ce ba gyara ba ne, amma in Allah ya so za ta kai gidan Auta. Ba-Gudu ya kalli igiyar da ta kwanta kan fentin da yake gogewa. Ya shiga ya sa farar rigarsa ta aiki da hular, wuyan rigar ya yi masa yawa yanzu. Iya ta shiga baya ta zauna inda marigayi ke zama, karo na farko a rayuwarta.

Ya murza. Tari, tari, sai ta kama. Hayaƙi ya cika rumfar, kwanon sama na karkarwa. Iya ta ga bayan wuyan tsohon ya miƙe. Suka fito daga rumfa, suka fita ƙofar gida, masu ɗaurin kaya suka tsaya suna kallo. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka wuce gida ɗaya, biyu, uku. Daidai shagon mai gyaran rediyo Kurciya ta shaƙe, ta yi tsalle sau biyu, ta mutu.

Sifana ya buɗe kafireto a bakin titi. Jar laka ce cike, ta toshe ko'ina. Tun tarin ran Litinin ta zuƙo ta, wata ma tun shekarun baya. Ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya mayar. Ta kama, ta mutu. Ya sake kwancewa, wani ɗan ƙarfe a ciki da tsatsa ta cinye ya karye masa a hannu. Ya tsaya yana kallonsa. Bai ce a kawo wani ba, don ya san babu.

A nan mijin Auta ya same su, ya zo da motar kwasar kaya. Ya dubi jarkar a kan rufi, ya dubi tiyon na ɗigar da fetur a kan fenti.

"Baba, ko ta kai ma, wannan ai wuta ce za a kai min gida."

Masu ɗaurin kaya ne suka taimaka aka turo ta baya. Ba-Gudu na ciki yana juya sitiyari, hular na kansa.

Asabar da sassafe ɗakin ya zama fanko, sai tabarma da buta. 'Yan gwangwan sun ce ƙarfe tara za su zo. Iya na naɗe tabarmar ta ji ƙarar bokiti. Ta fito ta tsaya bakin rumfa. Rufi, gilasai, ƙofofi, taya huɗu. Ya goge inda igiya ta kwanta har sau uku. Sannan ya buɗe 'yar ƙofar gefe, ya cika moɗa, ya sheƙa.

Sai ƙarfe ya amsa daga ƙasa. Tal, tal, tal, sannan shaaa.

Daron ne. Tun ran Alhamis da Sifana ya tura shi ƙarƙashin motar, daidai inda tankin yake da, Iya ke cewa za ta janye, kafaɗa ta hana. Kwana biyun nan ana ta hayaniyar kwasar kaya, ba wanda ya ji komai. Yau layin shiru.

Tsohon ya tsaya da moɗa a hannu. Ya dafa motar ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta durƙusuwa, ya leƙa. Bututun da ke gangarowa daga murfi yana nan a rataye, bakinsa a buɗe, ruwa na ɗiga daga ciki. Ya miƙe da ƙyar. Ya taɓa murfin, a rufe yake gam. Ya sake cika moɗa ya zuba a hankali, kansa a karkace yana saurare. Daron ya sake amsawa.

"'Yan gidan mai ne," in ji Iya. "Sifana ma ya faɗa."

Bai juyo ba. Ya kwance murfin, ya shafa robar da yatsa, baƙin gari ya zubo masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsa kusa da ido. Sannan ya mayar da murfin ya ɗaure, ya rufe 'yar ƙofar, bai goge wurin ba. Ya ajiye moɗar cikin bokiti, da sauran ruwa kusan rabi.

"Ki yi wanka da shi," ya ce.

Ya je ya zauna a kan dakalin ƙofar gida, hannuwansa a kan gwiwa. Da 'yan gwangwan suka iso da sarƙa suka tambayi mai motar, Iya ce ta nuna musu rumfar. Wajen kwasar sauran kaya ta sa bokitin da moɗar a cikin motar suruki. Tsohon ya gani, bai tambayi na mene ne ba.