Gashin Bakin Brunon

Nas ta riga ta shafa kumfar sabulu sa'ad da Danuta ta danne lafiyayyen hannun babanta Brunon a kan katifa.

Kwana huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Brunon a bakin kwale-kwalensa. Ya farfaɗo a asibiti babu Polanci ko kalma ɗaya a bakinsa, sai Kashubanci, yaren ƙauyensu, wanda Danuta ta watsar tun tana makaranta domin yara suna yi mata dariya.

"Abin shaƙar iskar ba ya zama daidai," in ji nas. "Dole a aske masa gashin bakin nan. Kin yarda?"

"Ki yi abin da ya kamata."

Brunon ya fizge kai. "Sznurbart," ya ce. "Sznurbart!"

Tun jiya yake maimaita wannan. Farkon kalmar kaɗai Danuta ta kama, sznur, wato igiya a Polanci. Mutumin da ya rasa hannu da ƙafa yana roƙon igiya, me zai yi da ita? Shi ya sa ta kwance ɗamarar rigarsa ta ɓoye a jaka.

"Haba Baba, ka daina wannan maganar. Ba mai ba ka igiya."

Ya dube ta, ya daina kokawa. Reza ta wuce sau biyar. Leɓen da ya fito fari ne fat, siriri, wanda Danuta ba ta taɓa gani ba a shekarunta arba'in da shida.

Da rana ƙanwar Brunon, Apolonia, ta iso a bas, da kyafaffen kifi a takarda. Ta tsaya a ƙofa tana leƙa gadaje.

"Ina yayan nawa?"

"Ga shi nan gabanki, Gwaggo."

Tsohuwar ta matso, ta dafe ƙirji. "Wace mara imanin ce ta fige shi kamar kaza?"

Danuta ta gaya mata zancen igiya, ƙasa-ƙasa don kada ya ji.

"Wace igiya? Gashin baki yake nufi, sakarya! Haka ubanmu yake kiransa. Ku 'yan birni wąsy na Polanci kuka sani. Ranar da aka binne uwarki ya daina taɓa shi da almakashi, domin ita take datsa masa duk Asabar."

"Ban sani ba."

"Da kin kira ni ai."

Danuta ta zauna a bakin gado. "Baba, zai sake tsirowa. Nan da wata biyu."

Likita ya riga ya gaya mata da safe cewa da wuya ya ƙara makonni biyu a duniya. Brunon ya juya fuska bango, yana lalubar leɓensa da yatsa.

Ta sunkuya ta gwada faɗin kalmar a kunnensa. Daga bayanta Apolonia ta ce ba haka ake faɗi ba. Danuta ta sake gwadawa.